Ƙaramin kwaɗon da ke saman adireshi, da abin da ya haɗa shi da Zurmi

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana sai dare.

A watan Afrilun 2025 an yanke wani hukunci a duniyar intanet wanda bai yi ƙara a wajenmu ba, alhali zai shigo ofisoshinmu ko mun so ko mun ƙi. Akwai wata majalisa da ake kira CA/Browser Forum. Ta haɗa kamfanonin da ke yin burauza, irin su Google da Apple da Microsoft da Mozilla, da kuma kamfanonin da ke bai wa shafukan intanet takardar shaida, wato satifiket. Wannan majalisa ta amince a rage tsawon ran satifiket. A lokacin mafi tsawonsa kwana 398 ne. Aka tsara daga 15 ga Maris 2026 ya koma kwana 200, a Maris 2027 ya koma 100, a Maris 2029 kuma ya dawo kwana 47 kacal. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga teburin darakta zuwa na babban sakatare zuwa ofishin akanta ya san abin da kwana 47 ke nufi. Wani fayil ɗin a kwana 47 ko ƙura bai gama sha ba.

Wani zai ce, Malam, mutanen Shinkafi na fama da Turji, na Moriki na biyan harajin noma ga 'yan bindiga, kai kuma ka zo mana da zancen satifiket? Ku ɗan yi mini haƙuri, zancen ɗaya ne.

Ku tuna Satumbar 2021. Ranar 3 ga wata hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. An ce mako biyu. Gusau ba ta samu ba sai farkon Oktoba, sauranmu kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da dawo da shi. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kawai su kira ɗa ko su duba ko albashi ya shigo, kafin ita ma Funtuwar a kashe nata. Hujjar da aka bayar ita ce a yanke tsakanin 'yan bindiga da infomominsu. Wato gwamnati da kanta ta yarda cewa bayani makami ne, har ta ga ya kai a jefa miliyoyin mutane cikin duhu saboda shi. Na yarda da rabin maganar. Bayani makami ne. To amma wa ya fi kowa tara bayanin mutane a jihar nan? Gwamnati ce. Kuma a nan ne nake ganin an riƙe bakin buhu an bar gindinsa a yage.

Ku dubi abin da muka zuba a intanet cikin 'yan shekarun nan. Tantance ma'aikata da aka yi a zamanin Gwamna Dauda Lawal, wadda aka ce ta bankaɗo ma'aikatan bogi 2,363, kowa ya miƙa sunansa da lambar waya da BVN da NIN da matakin albashi da wurin aiki. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda yana biyan kuɗin makaranta ta intanet. Jami'in ƙididdigar lafiya na ƙaramar hukuma yana tura rahoton asibitoci duk wata ta intanet. Mai POS a bakin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, duk cinikinsa ta can yake bi. A Legas, idan jerin sunayen ma'aikata da albashinsu ya fita, mafi muni a damfari wani ya yi asarar kuɗin wata ɗaya. A Zurmi wannan jerin takardar farashi ce. Ga sunan mutum, ga matakinsa, ga makarantar ƙauyen da yake zuwa koyarwa, ga lambar matarsa a matsayin magajiya. Mai neman kuɗin fansa me kuma ya rage ya tambaya?

Ba ina cewa yaran daji na zaune da kwamfuta suna tare saƙonni ba ne. Ba sa buƙata. Akwai masu yi su sayar, kuma bayani idan ya fita ba ya tambayar hannun wa zai faɗa.

Bari in yi bayanin yadda abin yake, gwargwadon yadda aikina a sashen tsare-tsare da ƙididdiga ya sa na zauna da masu haɗa waɗannan na'urori. Idan ka cika fom a wayarka a Kaura ka danna aikawa, saƙon ba tashi yake ya sauka Abuja kai tsaye ba. Zai bi ta ƙarfen sabis na unguwa, ko ta na'urar Wi-Fi ta shagon kafe, ya shiga layukan kamfanin sadarwa, ya ratsa na'urori da yawa na mutanen da ba ka sani ba, kafin ya isa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira saba, wasu marubutan Hausa kuma su ce uwar garke. Idan adireshin ya fara da http kawai, saƙon tsirara yake tafiya. Tamkar ka rubuta wasiƙa ba ambulan ka bai wa direban Shinkafi, ya bai wa kwandasta, kwandasta ya bai wa ɗan kamasho a tashar Gusau. Kowannensu zai iya karantawa, kuma zai iya ƙara sifili a kan adadin kuɗin da ka rubuta. Idan kuwa https ne, da harafin s a ƙarshe, to wayarka da sabar sun rikiɗa saƙon ya koma tarkacen lambobi da babu mai fahimta sai su biyu. Tsarin da ke yin wannan shi ake kira TLS. Kakansa SSL ne, wanda kamfanin Netscape ya fitar a 1995, shi ya sa har yau 'yan kwangila SSL suke rubutawa a takardar neman biya. Na baya-bayan nan, TLS 1.3, ya fito a Agustan 2018.

Abin da ya daɗe yana burge ni shi ne yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi sirri a gaban jama'a. Ga misali. Ina so in aika wa ƙanena a Gusau akwati, ban yarda da direba ba. Sai in sa kwaɗona in aika. Shi ba shi da makullina, sai ya ƙara nasa kwaɗon ya dawo mini da akwatin. In cire nawa in sake aikawa. Ya buɗe nasa ya kwashi kaya. Akwati ya yi sawu uku, bai taɓa tafiya a buɗe ba, makulli kuma bai taɓa shiga mota ba. Lissafin da na'urori ke yi ya sha bamban da wannan, tushensa aikin Whitfield Diffie da Martin Hellman ne na 1976, amma hikimar ta yi kama: a samu makullin da ɓangare biyu suka sani ba tare da ya bi hanya ba. Masu abin suna kiran wannan mataki musabaha, kuma kafin ka ƙifta ido an gama shi.

Sai dai ɗan Zamfara da ya san halin hanya zai gano ramin nan take. Idan direban ne ya tsaya a hanya ya sa nasa kwaɗon ya dawo mini da akwatin, ya ce ƙanenka ne ya sa fa? Zan cire nawa da hannuna in miƙa masa. Kulle saƙo ba shi da amfani idan ba ka tabbatar da wanda ke ɗaya bakin ba. To nan satifiket ya shigo. Takarda ce da ke cewa wannan saba ita ce mai wannan adireshi, kuma wata hukuma da wayarka ta riga ta amince da ita ta sa hannu. Kamar takardar shaidar ɗan ƙasa ce: mai unguwa ya shaide ka, hakimi ya shaidi mai unguwa, ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Wayarka tun daga kamfani ta zo da jerin manyan masu hatimin da ta yarda da su. Idan sarƙar ta tsinke a ko'ina, ko wa'adin takardar ya wuce, sai burauza ta tsaya ta nuna maka wannan gargaɗin na Turanci da kowa ya sani.

Kuma ba tatsuniya ba ce a ce direba ya sa nasa kwaɗon. A 2011 an kutsa wani kamfanin bayar da satifiket na ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga satifiket na bogi da sunan Google, aka yi amfani da shi wajen leƙen saƙonnin mutane kusan 300,000, galibinsu a Iran. Kamfanin bai kai ƙarshen shekarar ba ya rushe.

Yanzu ga inda Java ta shigo, kuma nan ne na fi son abokan aikina su buɗe kunne. Java harshen rubuta manhaja ne da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, Oracle ta saye kamfanin a 2010. Manyan manhajojin bankuna da na gwamnatoci da yawa a duniya da shi aka gina su. Misali mafi kusa da mu shi ne DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, wadda ƙasashe sama da 70 ke tattara bayanan lafiya da ita, har da Nijeriya. Alƙaluman rigakafi da awon ciki da tamowa da ake tattarowa daga asibitocin Zurmi da Shinkafi, a kan irin wannan manhaja suke sauka. Da Java aka rubuta ta, kuma a kan wata saba mai suna Tomcat ake ɗora ta. OpenMRS, da ake ajiye fayil ɗin marasa lafiya da ita a wasu asibitoci, ita ma haka.

To shi Tomcat idan ka sauke shi sabo, ƙofar da yake buɗewa ita ce mai lamba 8080, kuma wannan ƙofa babu kulle a kanta. Ƙofar da ke da kulle, 8443, tana nan a rubuce cikin fayil ɗin saiti amma a kashe, sai wani ya zauna ya kunna ta, ya samo satifiket, ya zuba shi tare da makullin sirri cikin wani fayil da zan kira akwatin makullai. Masu yin Tomcat ba su yi laifi ba, sun rubuta komai dalla-dalla. Amma ɗan kwangilar da aka ba mako uku ya gama aiki kafin ranar ƙaddamarwa, abin da ke gabansa shi ne shafi ya buɗe a gaban kwamishina a yi tafi. Saboda haka duk lokacin da aka turo maka adireshin cika fom a WhatsApp ka ga lambobi huɗu da ɗigo-ɗigo a tsakani, sannan 8080 a ƙarshe, babu suna babu https, to ka san abin da kake zuba wa BVN ɗinka.

Akwatin makullan nan kuma yana da kalmar sirri. Kun san wadda Java ke zuwa da ita daga kamfani? Kalmar ita ce changeit, wato da Hausa “canza ta”. Masu abin sun rasa yadda za su yi da mu har suka mayar da umarnin ya zama kalmar kanta. Na zauna a kwamitin karɓar wani aiki a wata ma'aikata da ba zan kira sunanta ba, na tambayi yaron da kamfani ya turo, na ce ɗan'uwa, kalmar akwatin makullan fa? Ya yi murmushi ya ce, “Yallaɓai, wadda ta zo da shi ce, ai kowa haka yake bari.” Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya kusa ritaya, ya juyo ya ce, “Mi an nan kuma? Wanga abu ba shina aiki ba?” Yana aiki mana, Baba. Ƙofar gidan da ba a sakata ita ma tana buɗewa tana rufewa lafiya lau.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Sabar Java ba karɓar baƙi kawai take ba, ita ma tana zuwa baƙunta. Manhajar albashi tana magana da ta banki, ta rajista tana magana da ta biyan kuɗi, ta asibiti tana tura rahoto sama. A wannan lokacin ita ce a matsayin wayarka, kuma tana da nata kundin amintattu, wani fayil mai suna cacerts. Idan ta je ta tarar da satifiket ɗin da ba ta gane ba, sai ta ƙi, ta zubo wani dogon kuskure mai ɗauke da kalmar PKIX wanda duk mai rubuta Java ya taɓa gani. Gyaran gaskiya shi ne a binciko dalili, a shigar da satifiket ɗin da ya dace cikin kundin da wata 'yar manhaja mai suna keytool. Gyaran malalaci kuwa layi goma ne da ake kwafowa daga intanet, masu ce wa manhajar ta yarda da kowa. Kuskure ya ɓace, oga ya ji daɗi. Daga ranar duk direban da ya sa kwaɗonsa za a miƙa masa akwati. Kuma kai mai amfani ba za ka taɓa gani ba, domin a wayarka komai lafiya, ɓarnar a ɗakin ciki take. A 2012 wasu masu bincike daga jami'o'in Texas da Stanford sun duba manhajoji da yawa da ba burauza ba, har da na hada-hadar kuɗi, suka tarar wannan cuta ta yi yawa. Ba ciwon Nijeriya kaɗai ba ne.

Abin takaicin shi ne Java tana iya yin fiye da abin da ake nema. Tana iya sa kowane ɓangare ya nuna takardarsa, saba ta nuna tata, mai shigowa ma ya nuna tasa, yadda kwamfutar ofishin albashi ce kaɗai za ta iya taɓa sabar albashi ko da wani ya saci kalmar sirri. Kayan aikin suna nan, kyauta. Abin da babu shi ne wanda zai rubuta a takardar kwangila cewa dole a yi.

Sannan ga tsufa. A Afrilun 2021 sabuntawar Java ta kashe TLS 1.0 da 1.1, na 1999 da 2006, saboda sun tsufa sun yi rauni. Ofishin da ya sabunta sai ya ga ya kasa magana da tsohuwar sabar maƙwabcinsa. Me aka fi yi? A buɗe fayil ɗin saiti a sake kunna tsohon, ko a ce kada wanda ya sake taɓa sabuntawa. Mun san wannan hali, irin na motar ofis ne da aka cire wa fitilar gargaɗin mai don ta daina damun direba.

Mu koma kan wa'adi, tunda da shi na fara. Satifiket yana mutuwa, kuma ranar mutuwarsa a rubuce take tun ranar da aka haife shi. Ba ta zuwa ba-zata. Duk da haka manya sun faɗa wannan rami. Lokacin da gwamnatin Amurka ta tsaya cik na kwana 35, daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, saboda rikicin kasafin kuɗi, kamfanin Netcraft ya ƙirga satifiket sama da 80 na shafukan gwamnati da suka mutu, har da na NASA da ma'aikatar shari'a, don masu sabuntawa suna gida ba albashi. A 6 ga Disambar 2018 miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya sun wuni ba data saboda satifiket ya mutu a cikin na'urorin Ericsson. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Equifax a 2017, kamfanin da ke riƙe da tarihin bashin Amurkawa. An shiga ta wata kafa a Apache Struts, wani ginshiƙin Java da aka fitar da gyaransa tun Maris amma ba su ɗora ba. Ɓarayi suka yi kwana 76 suna jida. Akwai na'urar da aikinta shi ne duba abin da ke fita, amma satifiket ɗinta ya mutu watanni da yawa, ta makance ba wanda ya lura. Ranar da aka sabunta shi, a ranar aka ga ɓarnar. Bayanan mutum kusan miliyan 147 sun riga sun tafi.

Idan haka ta faru a inda ake da kuɗi da ma'aikata, ku auna namu. A nan ɗan kwangila ne ya sayi satifiket da imel ɗinsa, ya karɓi kuɗinsa ko ya gaji da bin bashin ragowar, ya tafi. Saƙon tunatarwa na zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Jami'in da ya san kan abin an yi masa canjin wurin aiki, takardar miƙa aikinsa ta lissafa kujeru da fanka da makullin bayi, ba ta ambaci akwatin makullan saba ba. Ranar da shafi ya fara nuna gargaɗi, maimakon a gyara sai a fitar da sanarwa a zauren WhatsApp na ma'aikata: idan kun ga jan rubutu ku danna ƙasa ku ci gaba, ba komai. Na ga irin wannan sanarwa da idona. Wannan ita ce babbar ɓarnar a ganina, ta fi mutuwar satifiket ɗin kanta. An ɗauki malaman makaranta da ma'aikatan lafiya dubbai an koya musu, da bakin hukuma, cewa gargaɗin nan ƙarya yake. Ranar da gargaɗin zai zama gaskiya, hannunsu ya riga ya saba.

Alhali ba ma maganar kuɗi ba ce yanzu. Tun ƙarshen 2015 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ke bayar da satifiket kyauta, na kwana 90, kuma an tsara shi ne don na'ura ta riƙa sabunta kanta ba tare da fayil ya je teburin kowa ba. Ga sabar Java akwai ɗan ƙarin aiki, ko a sa wata saba irin nginx a gaba ta riƙe satifiket ɗin, ko a rubuta ɗan umarnin da zai zuba sabon cikin akwatin makullai duk lokacin da ya zo. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya, kuma muna da yaran da suka iya, wasu a nan Kaura suka yi difloma. Hukuncin kwana 47 ɗin nan ma manufarsa ke nan, a tilasta wa kowa ya daina yi da hannu.

Wani abin dariya mai ban haushi: ranar 30 ga Satumbar 2021, muna tsakiyar duhun rashin sabis, wani tsohon babban satifiket mai suna DST Root CA X3 da Let's Encrypt ta jingina da shi ya cika wa'adinsa. Duniya ta ɗan girgiza, tsofaffin wayoyi da kwamfutoci da sabobin da ke kan Java ta kafin tsakiyar 2017 suka fara ƙin shafuka masu lafiya. Mu ba mu ma san ana yi ba. Da sabis ya dawo, mai tsohuwar na'ura ya tarar da gargaɗi ya ɗauka sharrin netwok ne. Wannan ma wani abu ne da masu tsara shafukan gwamnati ya kamata su sani: mutanenmu wayoyin hannu na biyu suke riƙewa. Kuma ga wata 'yar fa'ida kyauta. Idan wayarka ko kwamfutar ofis ta nuna gargaɗi a kowane shafi, har da Google, fara duba kwanan wata. Batiri idan ya mutu agogo na komawa baya shekaru, na'ura kuma sai ta ga duk satifiket ɗin duniya bai fara aiki ba. Idan kuwa shafi ɗaya ne tak ke nunawa, kuma shi ne mai neman lambar asusunka, to ka tsaya.

Kada kuma wani ya tashi daga rubutun nan yana ganin kwaɗo shi ne aminci. TLS hanya kawai yake tsarewa. Ɗan damfara ma yana iya samun satifiket kyauta ga shafinsa na bogi, kwaɗon zai fito tsaf, abin da yake shaida kawai shi ne kana magana da mai wannan adireshin a asirce, ko da ɓarawo ne. Shi ya sa Google ta cire hoton kwaɗon daga Chrome a Satumbar 2023, don mutane na fassara shi da “wannan shafi mutumin kirki ne”. Karanta adireshin harafi-harafi, na gwamnati da gov.ng yake ƙarewa. Sannan kulle hanya ba ya hana na cikin gida. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna yadda wasu shafuka ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani, ko da yake NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ga kuma namu na gida: yaron kafe da ke riƙe da kalmar sirrin rabin ma'aikatan gari a littafinsa, da jadawalin albashi da ke yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya, da takardun tantancewa da ka tarar an ƙunshe maka ƙosai a ciki. Duk wannan gaskiya ne. Amma kasancewar taga a buɗe ba hujja ba ce ta barin ƙofa, musamman ƙofar da gyaranta bai kai kuɗin shayin taro ɗaya ba.

Doka ma tana nan. Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a Yunin 2023, aka kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Sashe na 39 ya ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ya ambaci rikiɗa bayanai cikin matakan da ake ɗauka. Sashe na 40 ya ce idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Dokar ba ta ware ma'aikatun gwamnati ba. Ƙaramar hukumar da ta tara BVN ɗin malamanta tana ciki tsundum.

Ga daraktoci da manyan sakatarori da ke bibiyata a nan, ranku ya daɗe, ba sai kun iya Java ba. Ranar karɓar aiki ku tambayi ɗan kwangila a gaban kowa: da sunan wa da imel ɗin wa aka yi rajistar adireshi da satifiket? Wace rana zai mutu, kuma da kansa yake sabuntawa ko sai an rubuta takarda? An canza kalmomin sirrin da kayan suka zo da su? An rufe ƙofar 8080 daga waje? Akwai inda aka ce wa manhajar ta yarda da kowa? A sa amsoshin a rubuce cikin fayil, a riƙe ragowar kuɗinsa sai ya nuna a aikace. Kuma a ƙara layi ɗaya a takardar miƙa aiki ta jami'in kwamfuta, a ƙarƙashin fanka da kujeru.

Wanda ke da shafin ma'aikatarsa a waya yanzu, ya buɗe shi a Chrome, ya danna 'yar alamar da ke gefen adireshi, ya shiga bayanin satifiket. Ranar mutuwarsa tana nan a rubuce. Ku rubuto mini a ƙasa wata nawa ya rage, ba sai kun faɗi sunan ma'aikatar ba.